Waƙar da Kwaɓi Ke Jira

Ruwan sama ne ya yi ɓarnar, amma ƙusar da ta saki a kwanon rufi ita ta ba shi hanya. Ya yi ta tsiyaya ta cikin bangon alƙibla na masallacin unguwar ba wanda ya ankara, har ranar da ladan ya shigo shara da hantsi ya tarar da saman adon da ke kewaye da gurbin liman ya zubo, ya farfashe a kan darduma. Adon nan ba fenti ba ne. Zane ne mai tudu da aka yanka da wuƙa a jikin farin kwaɓi. Reshe ɗaya ya taso daga dama, ɗaya daga hagu, suna hawa da ganyayensu har su haɗu a sama. To, mahaɗar ce ta faɗi, tare da ɗan abin da ke gefenta. Maginin da ya yi aikin ya daɗe da rasuwa. Ɗansa kuwa yana nan da ransa a bayan layin masallacin, kuma sana'arsa manna tayil.

A gida Auta ake ce masa, duk da furfurar da ta fara leƙowa a gemunsa. Mutum ne mai cutar tambaya. Tun yana ƙarami ba a ajiye agogo kusa da shi, don sai ya buɗe cikinsa ya ga abin da ke ƙara. Wannan halin ne ma ya raba shi da sana'ar ubansa. Baba ba ya bayani. In ka tambaye shi me ya sa ake yin kaza, sai ya dube ka ya ce, "Kai dai zuba ido," ya ci gaba da abin da yake yi. Auta ya yi shekarunsa yana tankaɗe yashi yana miƙa kwano. Da ya ga zuba idon bai kawo masa amsa ba, sai ya koma wajen masu tayil, inda duk abin da ka tambaya za a ɗauko igiya da ma'auni a nuna maka.

Bayan la'asar liman ya tare shi a bakin ƙofa, wajen takalma.

"Mai Tayil, ka ga abin da ya same mu," in ji liman. "Jama'a sun zauna. Sun ce tunda yanzu babu mai irin wannan aikin, a kankare sauran, a manna tayil mai sheƙi kowa ya huta. Kuma kai suka ce a ba."

Auta ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Wato shi za a miƙa wa guduma ya farfashe aikin hannun ubansa. Abin ya sosa masa rai ƙwarai.

"Malam, a ba ni dama in gwada gyarawa."

"Ka iya ne?"

"Ban iya ba. Amma na ga ana yi."

Liman ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Masu rufi suna sama. In sun gama, masu fenti za su shigo. Idan suka shigo ramin nan yana nan buɗe, ba zan iya tare bakin jama'a ba. Kafin nan dai, bango naka ne."

A bayan shagonsa akwai wata tsohuwar katanga da ake jingina kwalayen tayil. Nan Auta ya share ya mayar wurin gwaji. Haɗin bai ba shi wahala ba, domin hannunsa bai manta ba: farar ƙasa, yashi mai laushi da aka tankaɗe, da garin allin gini. Zanen ma da sauƙi, tunda reshen dama madubin na hagu ne, sai ya ɗora takarda ya kwafa. Mahaɗar ce kawai ba wanda ya tuna kamarta. Ladan ya ce kamar tauraro ce, liman ya ce a'a, kamar ƙulli, gutsattsarin kuwa ladan ya riga ya kwashe ya zubar. Auta ya yanke shawarar zai yi da'ira kawai a wurin, Allah ya ga zuciyarsa.

Wuƙar ce ta gagare shi. Kwaɓin nan yana da ɗan lokacin da yake yarda a yanka shi. In ka sa wuƙa da wuri, ganyen ya narke ya sunkuyo. In ka makara, ya tsattsage ya zube gari. Kuma fuskarsa maƙaryaciya ce, sai ka taɓa ka ji ta bushe alhali ciki ɗanye ne sharaf. Ya gwada da yatsa, ya gwada da farce. Ya ɗauko wayarsa ya sa agogo. Sau ɗaya ya dace, ganye ya fito tsaf, har ya yi hamdala ya kira maƙwabcinsa mai walda ya zo ya gani. Washegari ya bi wannan lokacin daidai, ganyen ya sunkuyo kamar kunnen tunkiya. Mai walda ya yi dariya har da dafa ƙofa.

Auta ya zauna a kan bokitin da ya kife yana kallon ɓarnar, kansa ya ɗaure. Yana nan zaune sai ya lura da irin zaman da ya yi. Haka Baba yake zama. In ya gama shafa kwaɓi, sai ya wanke hannu, ya kife bokiti, ya zauna ya kama wata doguwar waƙa ta godiya ga Allah. Takan fara da ruwa, ta bi ta kan ƙasa da itace da numfashi, ta ƙare da salati ga Annabi. Tsakanin kowane baiti akwai amshi: *Mai ruwa, Mai ƙasa, riƙe mana abin da muka ɗora.* Yana kai salatin ƙarshe sai ya miƙe ya ɗauki wuƙa, ba ya ko taɓa bangon ya ji. Duk shekarun nan Auta ya ɗauka ibada ce kawai ta tsoho mai son lada. Yanzu kuwa sai ya ji tsikar jikinsa ta tashi. Kada dai waƙar ce agogon?

Matsalar ita ce amshin kaɗai ya riƙe. Sai ya tuna da Yaya, babbar 'yar gidan, wadda lokacin ƙuruciyarta ba abin da ba ta ɗauka a rikodarta, har kukan jaririn maƙwabta. Ya tafi gidanta a babur. Ta shiga ɗaki ta daɗe tana janye akwatuna tana mita, ta fito da kaset a cikin leda, da tsohuwar rikodar da murfinta ke ɗaure da kyauro.

"Ga shi. Ni na ɗauka da hannuna, ina tsaye kusa da shi yana aiki a gidan wani. In ka lalata mini shi, Auta, ni da kai ne."

Bai kai kaset ɗin gida ba. Inna, mahaifiyarsu, tana zaune a gidansa tun rasuwar Baba, kuma ba ya son ya tayar mata da tsohon ciwo. A shago ya kunna. Muryar ta fito siririya, tana sauri, ga shuu na tsohon kaset a bayanta. Ya ɗan yi mamakin sirantarta, amma ya ce da kansa shekaru ne suka cinye kaurin. Ya yi ta maimaitawa har ya haddace waƙar tas, da hawanta da saukarta. Sai ya shafa kwaɓi, ya wanke hannu, ya kife bokiti, ya rera ta daga ruwa har salati. Ya miƙe da bismillah ya sa wuƙa. Kwaɓin ya biyo wuƙar ya zubo masa a kan ƙafa.

Ya canza yashi, ya rage ruwa, ya sake. Duk ɗaya. Kullum waƙar takan ƙare ta bar kwaɓin ɗanye. Masu rufi kuwa ba su jira kowa ba, duk wanda ya wuce ta layin yana jin gudumarsu, kuma sun riga sun ci fiye da rabi. Auta ya daina cin abinci da daɗi. Waƙar ta manne masa a baki, yana yinta a kan babur, yana yinta wajen alwala, bai ma san yana yi ba.

Wata safiya yana ɗaure takalmi a tsakar gida, Inna na zaune a kan tabarma tana jan carbi. Ita Inna ba ta da birki a baki, abin da ta gani shi take faɗa, ko a gaban wa. Ta dakata da carbin.

"Kai, wace waƙa ce wannan kake gudu da ita kamar an biyo ka?"

"Ta Baba ce, Inna."

"Baitocin dai nasa ne. Amma wannan tsalle-tsallen a ina ka samo shi?"

Dole ya gaya mata komai, da ramin, da tayil, da kaset. Ta ce ya je ya ɗauko. Ya ɗauko ya ajiye a gefen tabarmar ya danna, yana satar kallon fuskarta, yana jiran hawaye. Ba hawaye ko ɗigo. Ta karkata kai ta saurara, ta yamutsa fuska.

"Kashe. Wannan ba ubanku ba ne."

"Inna, Yaya ce ta ɗauka da hannunta."

"Ko da ƙafarta ta ɗauka. Na zauna da mutumin nan tun ba ku zo duniya ba. In ya yi gyaran murya a zaure, kwanuka na amsawa a kicin. Wannan mai muryar sauron ban san shi ba."

Aka kira Yaya a waya, aka sa ta a lasifikar wayar. Ta rantse ta kuma rantsewa cewa Baba ne. Inna ta ce ba shi ba ne. Yaya ta ce to aljani ne ya shiga rikodar? Inna ta ce wannan kuma ita da rikodarta suka sani. Auta yana tsugune tsakanin waya da tabarma, shi kuwa wani abu daban ke cinsa. Yaya ba ta ƙarya, Inna ba ta mantuwa. In dai duk su biyun gaskiya suke faɗa, to wani abu ya sami muryar a hanya, kuma sai ya san mene ne.

A ƙarƙashin benen kasuwa akwai wani ɗan lungu inda mai gyaran rediyo yake zama. Yanzu fanka da cajar waya suka fi kawo masa aiki, amma matattun rediyoyi suna nan jibge har rufi, ya ƙi rabuwa da su. Ya karɓi kaset ɗin da hannu biyu, ya hure shi, ya juya shi da biro, ya sa a tasa rikodar. Bai saurari baiti biyu ba ya ɗaga kai.

"Da wuta aka ɗauki wannan ko da batir?"

Auta ya sake kiran Yaya. Tana jin tambayar ta fashe da dariya. Ta ce da batir ne, kuma daga tocilar Baba ta zaro su a ɓoye, don nata sun mutu.

"Shi ke nan," in ji Mai Rediyo, yana murna kamar an yi masa albishir. "Batir ɗin sun yi sanyi. In batir ya yi sanyi, zaren kaset yana tafiya a hankali lokacin ɗauka. Kai kuma ka zo ka kunna da cikakkiyar wuta, zaren ya tafi da gudunsa na daidai. Sai murya ta sirance, waƙa ta gajarce. Ba tsohon ne ke sauri ba, injin ne ke jansa."

Auta ya ji kamar ya rungume shi. Ya tambaya ko ana iya mayar da ita yadda take. Mai Rediyo ya buɗe bayan rikodar ya nuna masa wani ɗan rami a jikin injin da ke juya kaset, inda ake sa siririn sukundireba a rage gudu.

"Ragewa ba wuya. Amma a ina zan tsaya? Ni ban san muryarsa ba. Kai ma da ka sani, da ba ka haddace wannan ba. Sai ka kawo wanda kunnensa ya riƙe."

Inna ta ce ita da tsufanta ba mai kai ta lungun rediyo ta zauna cikin wayoyi. Ta faɗa, ta nanata. Da la'asar kuma sai ga ta ta fito da mayafinta na zuwa unguwa, tana tambaya ko sai ta yi ta tsayuwa ne kafin a samo mota.

Mai Rediyo ya goge mata kujerarsa da hannun riga, shi ya tsuguna. Ya kunna, siririyar muryar ta cika lungun. Ya sa sukundireba ya murɗa kaɗan. Muryar ta ɗan sauko.

"Ƙara," in ji Inna.

Ya ƙara. Waƙar ta fara ja da baya, baitocin suka sami wurin numfashi.

"Ƙara dai, ɗana. Tsoron me kake ji?"

Ya murɗa a hankali. Auta yana tsaye a bakin lungun, sai ya ji muryar tana yin kauri, tana yin nauyi, har ta kai wani wuri da gabansa ya faɗi. Ga ɗan karcen nan da Baba yake yi a maƙogwaro kafin amshi. Ga yadda yake jan kalmar *riƙe* kamar ba zai sake ta ba.

"Tsaya," Inna ta ce, a hankali ƙwarai.

Mai Rediyo ya janye sukundirebansa. Mai fankar da ya zo karɓar kayansa ma ya tsaya daga waje bai yi sallama ba. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, hawaye na bin gefen hancinta, ba ta share ba. "Sannu da aiki, Malam," ta ce wa rikodar. Sannan ta juyo ga Auta. "Na yi kewarsa, wallahi. Ban san na yi kewar muryar nan haka ba."

Sai dai murnar ba ta je ko'ina ba. Kafin a kai baitin itace, muryar ta fara sirancewa kuma. Mai Rediyo ya sake murɗawa, ta daidaita, can ta sake zamewa. Ya girgiza kai ya ce batir ɗin suna ta mutuwa ne ana cikin ɗauka, don haka gudun ba ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe. Za a iya bin ta da sukundireba a ji daɗin saurare, amma ba wanda zai iya rantsewa ga ainihin tsawonta. Auta ya jingina da bango. Ya zo neman tsawo ne, ga shi an ce babu.

A mota suna komawa ya yi tagumi. Inna ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Dama wa ya ce maka tsawonta ɗaya ne?"

"Ba ɗaya ba ne?"

"Ina fa. Kafin ya fita da safe sai ya bi ta wajen igiyar shanya ya damƙi zanena ya ji. Ranar da shanya ta ƙi bushewa, sau biyu yake maimaita amshi, ya ja shi. Ranar da rana ta buɗe, tun ba a gama shanyawa ba kaya sun bushe, sai ya yi amshin sau ɗaya, ya tsallake baitin itace. A tsakar gida yake gwada kowane sabon yashi kafin ya kai shi aiki, ina wanke-wanke ina jinsa. Har na kai in na ji yadda ya ɗauko waƙar, na san ko in yi wanki ko in bari."

Auta ya saki baki. Tambayoyi suka taru masa, ya rasa wadda zai fara jefawa. A ƙarshe ya ce, "Inna, za ki zo ki riƙe mini waƙar? Ni in na fara sai bakina ya koma na kaset."

"A ina?"

"A masallacin. Gaban gurbin liman."

Ta juya ta dubi waje ta tagar mota. Mata suna da nasu ɗakin a bayan masallacin, da ƙofarsu daban, da lasifika a bango. Nan take sallah tun tana amarya.

"Ban taɓa shiga can gaba ba," ta ce. "Ni dai na wanke farar ƙasar wurin daga rigunansa har hannuna ya tsage. Amma ban taɓa ganin abin da ya yi da ita ba."

Liman bai ja maganar ba. Ya ce da hantsi ba kowa a ciki, kuma ba a hana uwa shiga ɗakin Allah. Ya ƙara da cewa masu rufi sun sauko da tsaninsu, masu fenti sun aiko a kwashe darduma.

Ranar da aka sa, gari ya tashi da lumshi. Inna ta bi ta wajen igiya ta damƙi tawul ɗin jikokinta, ta ce, "Sau biyu." Suka tarar ladan ya naɗe dardumar sahun gaba, ya ɗora katako a kan duro biyu. Inna ta cire takalmi ta shiga da ƙafar dama, kanta a sunkuye, tana bin bayan Auta har gaba. Ba ta ɗaga ido ba. Ta zauna a ƙasa ta juya wa bangon gefe, ta ce aiki aka zo yi.

Auta ya jiƙa ramin, ya shafa kwaɓi ya daidaita shi da tsohon kwaɓin, ya sauko ya wanke hannu ya kife bokiti. Ya ɗauko waƙar. Bai gama layin farko ba Inna ta buga masa carbi a gwiwa.

"Ina za ka? Koma."

Ya koma. Ta shiga ƙarƙashin muryarsa da tata, tsohuwar murya mai rawa, tana dafa gwiwarsa duk inda ya so ya zabura. Tafiyar ta yi masa tsawo har ya ji kamar kwaɓin zai bushe ya bar su. Idonsa yana ta zuwa bango, ita kuwa tana ta janyo shi. Can wajen baitin numfashi sai ya daina leƙen bangon. Ya ji kalmomin da yake faɗa, karo na farko tun da ya haddace su, ya ji yana roƙon da gaske. Liman ya shigo ya tsaya jikin ginshiƙi. Suka kai salati tare.

Auta ya hau katako, ya ɗora takardarsa, ya ce bismillah, ya sa wuƙa. Ta shiga kamar a cikin sabulu. Gefen yankan ya tsaya cak, bai narke ba, bai tsage ba. Ya fitar da ganye ɗaya, ya fitar da na biyu. Ya gama na dama ya koma na hagu, ya taho har ya iso mahaɗa. Ya ɗaga wuƙa zai zagaya da'irarsa.

"Kada ka yi da'ira."

Ya waiga. Inna ta miƙe tsaye, mayafinta ya zame zuwa kafaɗa ba ta gyara ba. Ta ɗaga kai tana bin reshen da ido tun daga ƙasa.

"Na dama ya bi ta ƙarƙashin na hagu," ta ce. "Ya juyo, ya fitar da ganye uku. Na tsakiyan ya kalli ƙasa."

"Inna, kin ce ba ki taɓa gani ba."

"Ban taɓa gani ba. Yanka, kwaɓi ba ya jiran surutu."

Ya yanka yadda ta ce. Reshen ya shige ƙarƙashin ɗan'uwansa ya juyo, kuma sai ga shi ya faɗa daidai kan wani ɗan guntun tsohon zane da ya rage a bakin ramin, wanda Auta ya kasa gane inda ya nufa. Ya fitar da ganye ukun. Yana gama na tsakiya ya ji kwaɓin ya fara ƙin wuƙa. Ya sauko, gumi ya jiƙa masa riga.

Liman ya matso ya daɗe yana kallo. Ya juya ga ladan ya ce, "In masu fenti sun zo, ka ce su yi ko'ina, ban da bangon nan." Ladan ya ce ai shi dama ya faɗa ƙulli ne, liman ya ce tauraro ka ce.

Auta bai ko ji su ba. "Inna, don Allah, ta yaya kika sani?"

"Ɗinkina ne," ta ce. "Rigar matashin kai ce na yi da zare kore kafin a kawo ni gidansa. Ta tsufa ta yage tun kana goye." Ta nuna da carbi can ƙasa, gefen dama. "Ka ga ganyen can da ya fi sauran gajarta? Zare ne ya ƙare mini a wurin, na ƙulle shi haka nan, na yi ta jin kunya kada ya lura. Ashe ya lura. Har shi ya kwafa."

Ta matsa ta ɗora tafin hannunta a kan gajeren ganyen. Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

"Mutumin nan. Shekara da shekaru abin nan yana gaban sahu, ni ina bayan bango, ko sau ɗaya bai buɗe baki ya gaya mini ba."

Ladan ya dubi inuwar ƙofa, ya yi gyaran murya, ya ce cikin ladabi lokacin kiran azahar ya gabato, mutane za su fara shigowa.

"Je ka kira sallarka, ɗana," in ji Inna, ba ta juyo ba. "Zan fita. Bari dai in ga ɓangaren hagu tukuna."